Kiɗan Kakar Baba Sule

Talata: Funtuwa zuwa Kano

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito daga gida, da akwatin ƙarfe ɗaya, da buta, da tabarma a naɗe. A shekarar aikin Hajji ya faɗo cikin bazara, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ina koyarwa a makarantar firamare, shekarata talatin da takwas. Kawuna Malam Ibrahim, wanda ya riƙe ni tun ina ɗan shekara goma sha ɗaya, shi ya rako ni tasha yana dogara sanda. Ya yi mini doguwar addu'a, sannan ya ce, "Isa, Allah ya kai ka lafiya. Ka tuna da mu a can." Na ce, "To, Kawu."

Motar da muka samu ta ɗaukar gyaɗa ce aka jera wa benci, sule goma sha biyu kowane mutum, akwati sule ɗaya. Ta tashi biyar da minti ashirin. A Malumfashi muka sha koko da ƙosai na taro. Gab da Gwarzo taya ta fashe, muka yi awa guda a gindin kuka. Na tambayi direba yaushe yake ganin za mu shiga Kano, ya ce, "Malam, wanda ya nufi Makka ai ba ya ƙosawa da Kano." Tafiyar mil ɗari da 'yan kai, sai ɗaya saura kwata muka sauka.

Kano: kwana uku a sansanin alhazai

Sansanin rumfunan kwano ne kusa da filin jirgi, kullum cikin layi ake: na fasfo, na awon kaya, na katin allura. A wannan layi na ƙarshe na haɗu da mutumin da saboda shi nake rubuta labarin nan. Tsoho ne dogo siriri, zai yi shekara saba'in, da tabarau ɗaure da zare. Ya miƙo mini takardarsa in nuna masa inda zai sa hannu. Sunansa Sulaimanu, amma sunan da ke biye a fasfon irin na Turawan Fotugal ne, na kasa furta shi. Ya yi dariya, ya ce in kira shi Baba Sule kamar kowa. Kafinta ne daga Ikko. Hausarsa ta kasuwa ce da ya koya wurin fataken shanu da goro, yakan ce wa mace "kai", amma ana gane shi sarai.

Bayan la'asar ya kawo tabarmarsa kusa da tawa, ya ba ni labarin sunan. Shi daga cikin mutanen da ake kira Aguda yake, zuriyar bayin da aka kai ƙasar Birazil suka fanshi kansu suka dawo. Kakarsa ta wajen uba Bahaushiya ce. An sace ta tana 'yar shekara bakwai ko takwas, aka sayar da ita daga hannu zuwa hannu har bakin teku. Ta yi wajen shekara arba'in a wani gari da ake kira Bahiya, sannan ta dawo Ikko da mijinta da ɗansu. Sunan garinsu ya ɓace mata, Hausar ma ta ɓace, sai Bisimilla da ƙidaya zuwa biyar.

Ya ce, "Abu biyu suka sauko da su daga jirgin ruwa, akwatin tufafi da ganga. Gangar tana gidana har yau, atabaki suke ce mata. Doguwa ce, tana kawo wa mutum ƙugu, ƙasanta a tsuke. Da falankai aka harhaɗa ta kamar gangar mai ta katako, fatar kuma da igiya da 'yan turaku ake ɗame ta. Sau uku ina sake mata falanki da hannuna."

Na tambaye shi irin rawar da ake yi mata. Ya ce ranar biki mata ke zagayewa a tsakar gida suna tafi, ɗaya ta riƙe farantin tangaran tana goga masa wuƙa, mai ganga yana bin ta. Mace ɗaya ke shiga tsakiya. Ƙafarta ba ta barin ƙasa, taku ƙanana ƙanana kamar mai murje hatsi da tafin ƙafa, zanenta mai faɗi yana juyawa. In ta gaji sai ta je gaban wata ta kai mata cibiya, wannan ta shiga, ita ta koma cikin masu tafi. Samba suke kiran rawar.

"Amma in Kaka ta shiga, sai ta ɗaga wa mai ganga hannu ya sauya. Ita ta koya masa da bakinta. Ta ce wannan ba na Bahiya ba ne, na gidan ubanta ne, shi kaɗai ta tsira da shi. Ina ɗan shekara goma sha biyu ta rasu. Ji shi."

Ya buga a murfin akwatina: uku masu nauyi, biyu da sauri, sai hannu ya tsaya a sama kamar an manta, sannan ɗaya ta faɗo. Ya maimaita sau uku. Ya ce, "Na ce a raina Makka ce matattarar Hausawa, har da tsofaffin da suka tafi a ƙasa tun zamanin da. Wani zai san daga ina kiɗan nan ya fito. Ko kai, Malam, ka taɓa jin sa?"

Na ce, "A'a, Baba. Ni a gidan malamai na tashi."

Rabin maganar gaskiya ce, rabin kuwa ƙarya. Tun bugu na farko na gane shi, ko da yake zaman Bahiya ya karkata shi kaɗan. Taken maƙera ne. Mahaifina makaɗin dundufa ne a wani ƙauye na ƙasar Katsina, shi ke yi wa maƙera kiɗa, kuma a kan gwiwarsa na koyi wannan tsayawar hannu. Da ya rasu Kawu ya ɗauke ni, ya ce daga ranar kada in ƙara taɓa fata da sunan kiɗa, ya sa ni makaranta. Shekara ashirin da bakwai ban gaya wa kowa ɗan wa nake ba. Abokan aikina ba su sani ba, 'ya'yana ma haka. Ga kuma mutanen garinmu su shida a rumfar, suna jin duk abin da muke faɗa.

Juma'a: Kano, Hartum, Jidda

Jirginmu mai farfela huɗu ya tashi bakwai da minti goma na safe. Ni da Baba Sule kujera ɗaya ta haɗa mu. Ya leƙa taga ya ga ƙasa ta baje babu iyaka, ya ce, "Garin Kaka yana wani wuri a ƙarƙashin nan."

Bayan awa shida muka sauka Hartum shan mai. Can muka yi wanka muka ɗaura harami, aka ba mu burodi da shayi. Sauran tafiyar ba ta kai awa uku ba, muka tsallake teku muna Labbaika, muka sauka Jidda daf da magariba, iska mai ɗumi da gishiri ta tare mu. Wakilin mutawwif, wato mai masaukinmu da zai jagorance mu a aikin Hajji, ya karɓe fasfunanmu ya zuba a buhu. Ana kiran salla na ga agogon bango ya nuna sha biyu daidai, na ce masa agogonsu ya lalace. Ya ce, "La, ya hajji. Mu nan daga faɗuwar rana muke fara ƙidaya." Daga ranar na bar agogona a kan lokacin gida, ina lissafi da ka. Duk lokacin da na ambata nan gaba, ku ɗauke shi a kan kusan haka ne.

Lahadi: Jidda zuwa Makka

Kwana biyu muka yi a masaukin alhazai na Jidda kafin bas ta samu. Tsakanin Jidda da Makka mil arba'in da biyar ne, titi mai kwalta, amma cunkoso ya mai da shi tafiyar awa huɗu. A Bahara muka tsaya shan shayi a 'yan ƙananan kofuna da ba su kai kurɓa uku ba. A Shumaisi askari, wato ɗan sandansu, ya hau motar ya duba takardar direba, ya ƙirga kawunanmu, ya ɗaga hannu.

Ba zan iya kwatanta muku ganin Ka'aba na farko ba. Na dai san Baba Sule ya kama damtsena bai saki ba har muka gama ɗawafi. Ana cikin aikin faɗaɗa masallacin a lokacin, ga tsani ga katakai ta ko'ina a waje. Da muka fito ya tsaya yana duban yadda aka haɗa wani katako, ya girgiza kai, ya ce hali zanen dutse, ko a nan ma ido ba ya barin sana'a.

An sauke mu a unguwar Misfala, mu tara a ɗaki ɗaya. Da safe burodin tamis da wake dafaffe da suke kira ful, na rabin riyal ya ishi mutum biyu. Ruwa kuwa a garwa ake saye, kuma yawancin masu kawo shi Hausawa ne. Ɗaya daga cikinsu Baba ya tambaya inda tsofaffin Hausawa suke zaune. Ya ce, "Hindawiyya. Ku nemi Haruna mai tsire, kowa ya san shi."

Hindawiyya: kwana biyar ana nema

Baba ya roƙe ni in raka shi, don tsofaffi ba sa gane Hausarsa da sauri. Na yarda, ina ce wa kaina taimako ne nake yi. Tafiyar minti arba'in ce a ƙasa. Unguwa ce ta lunguna, gidajen dutse da na kwano da na katakon akwati a cuɗe, ga ƙamshin ƙuli da daddawa kamar kana Fagge.

Haruna mutum ne kakkaura mai fara'a, a Sudan aka haife shi lokacin da iyayensa ke kan hanya, bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Ya ce, "Ahlan, ahlan. Ku shigo ku sha moya, rana ta yi." Aka kawo ruwan sanyi a tulu. Mahaifiyarsa Hajiya Kande, tsohuwa mai wajen shekara tamanin, ita aka fara bugawa kiɗan a kan tire. Ta karkata kunne, ta ce kamar ta san shi kamar ba ta san shi ba, ta baro gida tana amarya.

Haruna ya bar wa ƙaninsa tukuba, ya dinga kai mu gida gida. Wani Basakkwace mai sayar da tasbaha ya ce kiɗan noma ne. Wani mutumin Damagaram ya rantse na mafarauta ne. Kowa ya faɗi nasa sai in juya wa Baba a Hausa mai sauƙi, shi kuma ya rubuta da fensirin kafinta a bayan katin allurarsa. Ina fassara masa amsoshin da na san ba daidai ba ne, ina duban ƙasa.

Rana ta huɗu muka shiga wurin wani dattijo mai koyar da karatu a Utaibiyya. Bai bari Baba ya gama bugawa ba ya ce, "Bawan Allah, ka tsallako teku zuwa ɗakin Allah, da furfurarka, kana neman kiɗa?"

Baba ya janye hannunsa. Ya ce, "Allah gafarta malam, ba kiɗa nake nema ba, kakata nake nema. Na zo in yi mata addu'a, ban san 'yar wa zan ce ba."

Dattijon ya ce, "Allah ya san ta." Ya sa aka kawo mana dabino. A hanyar dawowa na buɗe baki sau biyu zan yi magana, sai in tuna yadda dattijon ya furta kalmar kiɗa, in haɗiye.

Mina da Arfa

Ran takwas ga wata muka fita Mina, mil huɗu da wani abu, a bayan wata babbar mota marar rufi. Washegari da hantsi muka isa Arfa. Zafin ranar ban taɓa jin irinsa ba, ƙanƙara ta yi tsada har ƙaramin gutsure riyal guda. Mutane iya ganinka, duk cikin farin ƙyalle biyu, ba ka bambance alƙali da mahauci. Na sha koya wa yara wannan a aji, har ina rubuta shi a allo. Ranar na tsaya cikinsa, kuma na ga a duk filin nan ni kaɗai na san akwai wanda ya zo da rigar da bai tuɓe ba, kuma ni ne.

Bayan azahar na ji Baba a gefena yana addu'a da Yarabanci, yana haɗawa da Hausa. Ya ce, "Ya Allah, ka ji ƙan baiwarka, 'yar Adamu." Ya rasa uban da zai jingina ta da shi sai na kowa da kowa. Na ɗaga hannu zan yi wa mahaifina addu'a, na ga ban ambaci sunansa a fili ba tun ina yaro.

Rana ta biyu a Mina, muna dawowa daga jifa wajen ƙarfe biyu, Baba ya yanke jiki ya faɗi. Muka kai shi tantin asibiti, suka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zane, suka ce rana ce ta buge shi. Ya farfaɗo da yamma, amma ƙafa ba ta ɗaukarsa. Da muka koma Makka Haruna ya zo duba shi, ya ga ɗakinmu na mutum tara, ya ce, "Wallahi ba zai kwana nan ba. Yalla, mu tafi gida." Ya tsayar da tasi, riyal uku zuwa Hindawiyya.

Hindawiyya kuma

Kwana uku Hajiya Kande tana ba shi kunun tsamiya da cokali. Rana ta huɗu da hantsi na same shi kwance a gadon igiya a inuwar tsakar gida. Ya ce, "Malam, na bari. Kar ka ƙara wahalar da ƙafarka saboda ni. Abin da ya ɓata shekara ɗari ba ni zan tsince shi ba."

Na zauna a ƙasa kusa da gadon. Na ce, "Baba, na san kiɗan. Ubana makaɗi ne, shi yake bugawa."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Tun yaushe ka gane shi?"

"Tun Kano."

"Kwana biyar kana bi na gida gida."

"I, Baba."

Ya juya fuskarsa bango. Haruna na bakin ƙofa yana feƙe tsinkayen tsire, ya tsaya. Na yi zaune ina jin kazar gidan tana tono. Ban san tsawon lokacin ba, don ban iya duba agogo ba. Can Baba ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Da na mutu a Mina fa?"

Na ce kunya ce ta hana ni, kuma ba ta isa hujja ba.

Ya juyo a hankali. "To, faɗa mini."

Na gaya masa taken maƙera ne, da dundufa ake buga shi, doguwar ganga da ake fafewa daga icce a kafa ta a ƙasa. Na ce abin da ke hannunsa kira ne kawai, gangar tana cewa, wuta ta san ɗanta. Akwai amsa da ƙananan ganguna ke bayarwa, ƙarfe sai ya rusuna, ita ce ba ta tsallaka teku ba. Yarinya 'yar shekara bakwai ba za ta riƙe take haka ba sai in a ƙofar gidansu ake buga shi. Na ce in an buga wa 'ya'yan maƙera, sukan fito su yi wasa da wuta, su ɗauki jan ƙarfe da hannu.

Baba ya tashi zaune. Ya ce, "Tana shan lofe. Ba ta taɓa neman abin ɗaukar wuta ba. Da yatsu take zaro garwashi daga murhu, ta juya shi a tafin hannu, ta ɗora a kan taba. Mu yara tsoronta muke ji, maƙwabta suna cewa mayya ce." Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. "Ashe gado ne."

Ya tambaye ni wane gari. Na ce nan ne iyakar sanina: ana buga shi daga ƙasar Katsina har Zazzau da Kano, ba zan ƙara masa wata ƙarya ba. Na ga abin ya sosa masa rai. Ya daɗe yana duban hannuwansa, sannan ya ce, "Garin ya tafi ke nan. To, na samu gidan." Jim kaɗan ya yi 'yar dariya. "Shekara hamsin ina fama da katako, ashe ɓatan hanya na yi."

Sai ya ce in buga masa duka, kira da amsa. Na dubi Haruna. Haruna ya sosa ƙeya ya ce, "A titi mamnu'u ne, an hana, masu sanda za su zo. Amma cikin gida matanmu na buga tambari ranar biki ba mai cewa komai. Ku bari a yi la'asar, in rufe ƙofa."

Bayan la'asar aka kife garwar ruwa, aka yafa mata tsumma don ta rage ƙara. Baba ya ce a ba shi farantin tangaran da wuƙa. Ya fara gogawa, ƙas-ƙas-ƙas, a hankali, irin na Bahiya. Matan gidan suna bayan labule, ya nuna musu tafin, suka kama. Na sa hannu a kan garwa. Karo na farko na ɓata, na biyu ma haka, yatsun sun saba da alli. A na uku na daina tunani, hannun ya tafi da kansa: uku masu nauyi, biyu da sauri, tsayawa, ɗaya, sannan amsar ta biyo baya ta zauna daidai cikin gurbin da wuƙar Baba ke bari, kamar dama can an auna mata shi.

Hajiya Kande ta ajiye carbinta. Ta ce, "Ai wannan na maƙera ne. Akwai su a bayan gidanmu. Me ya hana ku buga mini shi haka tun farko?"

Baba ya miƙa wa Haruna farantin, ya dafa gado ya miƙe. Mutumin da da safe sai an riƙe shi zuwa alwala, ya shiga tsakiyar gidan. Ƙafarsa ba ta bar ƙasa ba, taku ƙanana ƙanana, kafaɗa a tsaye, hannu ɗaya a buɗe kamar mai riƙe da wani abu mai zafi. Bai fi minti biyu ba. Ya zo gabana ya tsaya, ya ɗan rusuna ya taɓa ƙirjina da tafin hannu, ya ce a wurinsu haka namiji ke miƙa wa wani fili. Na ce ni ban iya rawa ba. Ya ce, "Na sani. Na yafe maka ne."

Kafin kiran magariba an mai da garwa wurinta. Hajiya Kande kuwa daga ranar ba ta ƙara kiransa da wani suna ba sai Ɗan Maƙera. Ranar ɗawafin bankwana a kan makarar katako aka ɗauke shi, mutum huɗu, ina biye. Na ji yana cewa, "Ka ji ƙan baiwarka, 'yar maƙera." Ni ma na ambaci mahaifina Mamman mai dundufa da sunansa da sana'arsa, da muryar da na kusa da ni za su ji.

Madina, Jidda, Kano

Zuwa Madina kwana ɗaya da yini muka yi a bas, da tsayawa a Badar. Mun yi kwana takwas can, Baba yana samun ƙarfi kullum. A Jidda muka jira jirgi kwana huɗu. Cikin kwanakin nan na koya masa amsar da baki, shi kuma yana zana ta da fensir a murfin akwatinsa, dogon layi da gajere, don mai gangarsu na Ikko. Mutanen garinmu shida suna gani, suna ji. Ɗaya ya tambaye ni inda na iya wannan, na gaya masa. Ya ce, "Allah Sarki," ya ci gaba da ɗaure kayansa. Wani kuma daga ranar ya rage gaisuwa. Duka biyun na ɗauka.

Mun sauka Kano ƙarfe uku da rabi na yamma ran Laraba. Washegari na raka Baba tashar jirgin ƙasa. Ya shiga tarago ya leƙo ta taga ya ce, "In ka zo Ikko ka tambayi gidan kafinta mai ganga. Tana jiran hannunka." Har yau ban samu zuwa ba, amma mun yi musayar wasiƙa sau huɗu.

Juma'a: gida

Na iso Funtuwa sha ɗaya da rabi na safe, 'yan makaranta da maƙwabta suka tare ni tun daga tasha. Sai bayan la'asar gida ya lafa, na ɗauki zamzam da dabino da farar hula na tafi wurin Kawu. Na same shi a zaure a kan buzu. Ya tambaye ni hanya, na ba shi labari daga Kano har Madina. Sannan na gaya masa abin da na yi a Hindawiyya, ban rage komai ba, har garwar.

Ya daɗe yana jan carbi. Na zauna ina jiran faɗa, kamar ina ɗan shekara goma sha ɗaya.

Ya ce, "Ka buga shi daidai?"

Na ce, "A karo na uku, Kawu."

Ya ce, "Ubanka ba ya kaiwa na biyu." Ya gyara zama. "Da aka zo neman auren uwarka ni na fi kowa ƙi. Amma ranar da ya buga wa maƙeran garinsu, ina bayan rumbu a tsaye har aka tashi. Ban taɓa gaya wa kowa ba." Ya miƙo hannu ya karɓi zamzam ya kurɓa. "Gobe ka kawo mini yaran. Ni na rufe maganar, ni ya kamata in buɗe ta."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Haruna da Hajiya Kande da suka ɗauki baƙo kamar nasu, da Baba Sule da ya yafe abin da ni ban tabbata zan iya yafewa ba. Wanda ya karanta wannan, in ya yi addu'a, ya sa da wata 'yar maƙera da ba mu san sunan garinsu ba.

Ni ne naku, Isa ɗan Mamman mai dundufa.